Daga Katsina zuwa Bakin Teku: Yadda Ake Shirya Ziyarar Garuruwan Kunkuru da Tsuntsaye

Idan aka ce bakin teku, abin da ke faɗo wa yawancin mutanen Katsina da Daura a rai shi ne Legas: kiɗa, cunkoso, masu doki suna bin mutum da farashi. Akwai wani irin bakin tekun daban, na ƙananan garuruwan masunta inda kogi ke haɗuwa da teku, inda kunkurun teku ke fitowa da dare ya yi ƙwai a cikin rairayi, tsuntsaye kuma su taso tun daga Turai su yi hunturu. Biyu daga cikinsu sun fi dacewa da mutumin Arewa, Grand-Popo a Jamhuriyar Benin da Ada Foah a Ghana. Duka biyun ba sa bukatar biza ga ɗan Najeriya, ana isa da mota daga Legas, kuma duk babban garin da za ka ratsa a hanya akwai zangon Hausawa.

Abu guda ne ke lalata wa mutane irin wannan tafiya: su sa rana bisa hutunsu, sannan su je su tarar dabbar da suka zo gani ba lokacinta ba ne. Don haka tsarin da ke ƙasa ya fara ne da kalandar kunkuru da ta ruwa, sauran abubuwa su biyo baya.

Mataki na farko: sa rana

Damina a gaɓar tekun Gini ba irin tamu ba ce. Sau biyu take zuwa. Babbar tana kamawa daga Afrilu zuwa Yuli, a ɗan sarara a Agusta, ƙaramar ta dawo a Satumba da Oktoba, sannan rani ya shiga daga wajen Nuwamba har Maris. Kunkuru kuwa yana fara fitowa yin ƙwai tun wajen Satumba har zuwa Maris, amma ya fi yawa tsakanin Nuwamba da Janairu. Ƙwan yana yin kusan wata biyu a cikin rairayi kafin ya ƙyanƙyashe, saboda haka wanda ya je a Disamba ko Janairu yana iya dacewa da abu biyu, uwa mai haƙa rami da 'ya'ya masu rarrafe zuwa ruwa. A watannin nan ne kuma tsuntsayen da suka gudo daga sanyin Turai suke cika bakin kogi.

To amma cikin wannan lokacin ma akwai ranakun gujewa ga mai neman shiru. Makon Kirsimeti da sabuwar shekara mutanen Kwatano da Akra suna kwararowa, ɗakuna su yi tsada, lasifika ta kwana tana aiki. Juma'a ta biyu ta watan Janairu ita ce ranar bikin addinin gargajiya na Vodun a Benin, cibiyarsa garin Wida, kuma taron yana shafar Grand-Popo sosai. Garin yana da nasa babban taron, Nonvitcha, wanda ke tara 'yan asalin yankin a lokacin bikin Fentikos na Kiristoci, tsakanin Mayu da Yuni. Ada kuwa tana yin bikin Asafotufiami a farkon Agusta, da harbe-harben bindigar gargajiya. Bukukuwa ne masu kyau ga mai son kallo, amma ba su ne suka kai ka ba.

A ganina lokacin da ya fi shi ne daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, ko kuma daga tsakiyar Janairu zuwa Fabrairu. Na farkon ya yi daidai da kaka, lokacin da manomi ya gama tattara amfani, ɗan kasuwa ma hannunsa ya ɗan buɗe. Oktoba kam a bar shi. A ƙarshen damina ake sako ruwa daga madatsun da ke saman kogunan, wato Nangbeto a kan kogin Mono da Akosombo a kan Volta, kuma a Oktoban 2023 sakin ruwan Akosombo ya mamaye garuruwa da dama a ƙasan kogin. Sai kuma a duba inda azumi ya faɗo, domin zafi mai gumi na can yana galabaitar da mai azumi fiye da busasshen zafin da muka saba.

Ka sa ranakun zamanka su faɗo tsakanin Litinin da Alhamis idan da hali. Kwana uku zuwa huɗu a gari ɗaya ya fi kwana ɗaɗɗaya a garuruwa huɗu. Kunkuru ba ya ɗaukar alkawari. Wanda ya ba kansa dare uku ya fi mai dare ɗaya damar gani.

Mataki na biyu: wanne gari?

Grand-Popo ya fi kusa. Daga Kwatano kimanin kilomita 85 ne yamma, dab da iyakar Togo. Garin a miƙe yake a kan siririn tudun rairayi, teku a kudu, ruwan kogi a arewa, itatuwan kwakwa a tsakani. Babban abin gani shi ne Bouche du Roy, inda kogin Mono ke shiga teku. Ana zuwa da kwalekwale ta cikin dajin mangurof, wasu itatuwa da ke tsira cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a tsaye a sama da laka, kifi da ƙaguwa da jatan lande suna hayayyafa a ƙarƙashinsu. A 2017 hukumar UNESCO ta sa wannan yanki na Mono, ɓangaren Benin da na Togo, cikin wuraren da ake kare halittunsu. Tsohon garin kuwa teku ta cinye mafi yawansa, sai kufan gidajen 'yan kasuwar zamanin Turawa. Harshen hukuma Faransanci ne, mutanen gari kuma suna yin Xwla da Mina.

Ada Foah tana bakin kogin Volta, kilomita ɗari da 'yan kai gabas da Akra. Ruwan nan ya fi faɗi, da tsibirai birjik a cikinsa, kuma yamma da garin akwai tafkin gishiri na Songor, wanda aka sa cikin jerin dausayin duniya na Ramsar a 1992, UNESCO kuma ta amince da shi a 2011. Hukumar kula da namun daji ta Ghana tana da ofis a garin, ma'aikatanta ke fita da baƙi yawon neman kunkuru da dare. A nan ma teku tana cin ƙasa. Ganuwar Kongenstein da mutanen Denmak suka gina a 1783 kusan duk ta tafi cikin ruwa. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne madatsar Akosombo da aka gama a 1965: yashin da kogi ke kawowa a da ya cike gurbin wanda teku ta kwashe, yanzu yana tsayawa a bayan madatsa. Turanci ake yi, da Dangme.

Wanda zai fara fita, ko mai tafiya da iyali, ya ɗauki Grand-Popo, iyaka ɗaya zai tsallaka. Wanda Faransanci ke ba shi tsoro, ko yake son tsari na hukuma wajen ganin kunkuru, Ada ta fi masa, sai dai ta mota iyaka uku ce. Mai hali yana iya hawa jirgin sama daga Legas zuwa Akra, tafiyar kusan awa ɗaya, ya dawo baya da mota.

Wanda ba shi da fasfo kwata-kwata ba a rufe masa ƙofa ba. Badagiri tana nan da tafkinta da kwakwarta, kuma a Lekki akwai gandun kare halittu da aka kafa a 1990, mai birai da gadar igiya ta saman itatuwa mai tsawon mita 401. Amma gaskiya wannan ɗanɗano ne kawai, shirun da ake nema ba ya can.

Mataki na uku: takardu da kuɗi

Fasfo mai sauran rai, ko takardar tafiya ta ECOWAS. Da su ɗan Najeriya yana zama har kwana 90 a Benin, Togo da Ghana ba biza. Kowane yaro da nasa fasfon. Idan uwa ce za ta tafi da yara ba uban, ko kawu ne ya ɗauki ɗan ɗan'uwansa, a riƙe takardar amincewar iyaye da ta haihuwa, domin jami'an iyakokin nan suna sa ido sosai kan safarar yara, kuma suna da hujja.

Sai katin rigakafin shawara, wanda kowa ke kira yalo kad. Sashen lafiya na tashoshin shiga ƙasa ke bayarwa, kuma allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana goma da yin ta. Kada ka bari sai ana gobe tafiya. Kada kuma ka sayi katin ba allura: cutar gaskiya ce, sauron da ke ɗauke da ita bai san kati ba. Allura ɗaya ta isa har abada.

Kuɗi a nan Bakatsine ya fi na Legas sa'a. Sefar da ake kashewa a Maraɗi da Damagaram ita ce dai ta Benin da Togo, saboda haka kana iya canji tun a gida, wurin 'yan canjin Jibiya ko Mai'aduwa da ka sani, da harshenka, ba a tsaye a bakin iyaka ana jan rigarka ba. Ka nemi ƙananan takardu, na jaka ɗaya da jaka biyu, wato sefa dubu ɗaya da dubu biyu, da tsaba, domin a ƙauyen masunta canjin jaka goma aiki ne. Ghana sidi take kashewa, wannan sai a Aflao ko Akra. Kada ka dogara da katin bankin naira. Ka raba kuɗin gida uku: na aljihu, na cikin jaka, da na komawa gida wanda ba a taɓawa ko me ya faru.

Farashi yana canzawa da faɗuwar naira, don haka lissafin da ya fi amfani shi ne na kashi-kashi. Mota zuwa da dawowa ita ke cin kaso mafi girma. Bayan ita sai ɗaki, sai kwalekwale da ɗan jagora, abinci ne ƙarshe. Ka kira masaukin ta WhatsApp ka ji kuɗin ɗaki da na kwalekwale kafin ka tashi, ka ɗora kashi ɗaya bisa huɗu a kan jimillar.

Mataki na huɗu: hanya

Wani zai ce ai ta Maraɗi, Doso da Gaya ta fi sauƙi, a tsallaka Malanbil a gangara Kwatano, hanyar da 'yan kasuwar gwanjo da motoci suka sani shekara da shekaru. A da haka ne. Tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 iyakar Gaya da Malanbil ta shiga rikici, Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, arewacin Benin kuma yana fama da 'yan bindiga. Mai yawon buɗe ido ba shi da abin da zai kai shi nan. Ta Legas za a bi.

Daga Katsina ko Daura a sauka Kano. Daga nan ko dai jirgi daga filin Malam Aminu Kano, ko babbar mota, tafiyar sama da kilomita dubu. Filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina ma ana dubawa ko akwai jirgin da ya dace. Mai bin mota ya kwana a Legas ya huta, a Agege ko Idi-Araba ba ya rasa ɗan'uwa ko masauki. Kashegari da asuba a nufi Mile 2, inda motocin Badagiri da Seme suke lodi. Asubar tana da muhimmanci: kana son tsallake iyaka kafin azahar, ka isa masaukinka da sauran rana.

Shingayen jami'ai suna da yawa tsakanin Badagiri da Seme. Takardunka a hannu, gaisuwa a baki, amsa gajera. “Barka da aiki, yallaɓai, hutu za ni Grand-Popo, kwana huɗu,” ya wadatar. A kan iyaka ka tabbata an buga maka hatimin fita na Najeriya da na shiga Benin. Za ka ga masu babur suna cewa su zagaya da kai ta bayan gari ba hatimi. Kada ka yarda. Ranar dawowa, ko ranar da aka tare ka a cikin ƙasar, rashin hatimin nan shi zai zame maka jidali. Kuma kada ka miƙa fasfonka ga wanda ba ya cikin kaki ko bayan kanta.

Daga Seme zuwa Kwatano bai kai awa ɗaya ba idan hanya ta yi kyau. Masu acaɓar garin, zemijan, rigarsu rawaya ce. Ka ce a kai ka Zongo idan kana son sallah a babban masallaci da tuwo ko shinkafa irin ta gida, sannan ka nemi motocin da ke zuwa iyakar Togo. Duk suna ratsa Wida su wuce ta Grand-Popo. Ka gaya wa direba sunan masaukinka tun farko, domin garin dogo ne, idan aka sauke ka a mahaɗa za ka sake neman babur.

Mai zuwa Ada zai ci gaba: iyakar Hillacondji, ya ratsa gaɓar Togo wadda ba ta fi kilomita hamsin da 'yan kai ba, ya wuce Lome, ya shiga Ghana ta Aflao, ya haye gadar Sogakope, ya sauka a mahaɗar Kasseh, daga nan ƙaramar mota ta gangara da shi Ada Foah. Akwai manyan motocin kamfanoni irin su ABC da ke yin Legas zuwa Akra kai tsaye, suna sauƙaƙa wahalar iyaka. Agogo: Benin daidai take da Najeriya, Togo da Ghana suna bayanmu da awa ɗaya.

Mataki na biyar: masauki da kaya

Hoto ba ya gaya maka abin da kake bukatar sani. Tambayoyin da za ka yi su ne: akwai gidan sauro a kan gado? Ruwan wanka na famfo ne ko na rijiya mai gishiri? Idan an ɗauke wuta fa? Ana kiɗa da dare, kuma mashaya tana kusa da ɗakuna? Mai iyali ya nemi ɗakin da ke can gefe. Yawancin masaukan nan ƙanana ne, bukkoki ne ko ɗakuna 'yan kaɗan, mai wurin da kansa zai amsa maka.

Kaya kuwa, manta da shadda mai sitaci. Iskar can jiƙe take, rigar da za ta bushe kafin la'asar a Katsina tana iya kwana biyu a kan igiya. Yadi mara nauyi, hijabi mara kauri, silifa na roba, malafa. Kilishi da ƙuliƙuli da dambun nama suna yin laushi su fara fumfuna, sai a ɗaure su cikin roba mai murfi, a ci da wuri. Soket ɗin Benin da Togo mai baki biyu zagayayye ne irin na Faransa, na Ghana irin namu ne. Maganin shafawa na sauro, da maganin zazzaɓi da likita ya rubuta. Kada ka ce ai ka saba da sauro, na bakin kogi ba ya hutun rani. Mai son tsuntsaye ya nemi tabaron hangen nesa ko na aro ne, shi ne bambancin ganin ɗigo fari da ganin tsuntsu.

Sallah ba matsala. Matafiyi yana da rangwamen ƙasaru, alƙibla tana ɗan ƙara karkata arewa fiye da yadda muka saba, manhajar waya za ta nuna. Ruwan teku yana alwala, hadisi ya tabbatar ruwanta mai tsarkakewa ne, mushenta halal ne. Wannan ya warware maganar abinci ma: kifi, jatan lande, ƙaguwa ga mai ci. Nama kuwa a bari sai an samu mahaucin zango. Abin da za a tambaya shi ne ko an sa giya a miya, ko an soya kifin a man da aka soya alade.

Mataki na shida: teku

Nan ne ya kamata a fi natsuwa. Wanda ya iya iyo a dam ɗin Zobe, Ajiwa ko Sabke, ko ya tashi yana wanka a kududdufi, bai iya teku ba. Gaɓar Benin, Togo da gabashin Ghana tana da gangare sosai, raƙuman ruwa suna fashewa dab da ƙafarka da ƙarfi, sannan ruwan ya koma yana jan yashin da kake tsaye a kai. Akwai kuma wata mashigar ruwa mai komawa ciki da gudu, wadda daga sama take kama da wuri mafi kwanciya, babu kumfa, ruwan ya ɗan yi duhu. Nan ne baƙo ke zaɓa don ya ga ya fi lafawa, nan ne kuma ke tafiya da mutane. A yawancin wuraren babu mai ceto.

Dokar mai sauƙi ce: a Grand-Popo da bakin Ada ba a iyo a teku. Ruwa ya taɓa idon sawu, shi ke nan. Ba a juya wa teku baya don ɗaukar hoto. Yaro ba ya sauka gangaren sai hannunsa cikin na babba. Hajiya mai dogon hijabi ko zane ta ƙara ja baya, domin jiƙaƙƙen tufafi nauyi ne da shi, ruwa yana kama shi. Idan tsautsayi ya sa ruwa ya ja mutum, kada ya yi kokawa da shi yana neman komowa kai tsaye. Ya bar jikinsa ya taso, ya ɗaga hannu, ya yi iyo a gicciye bin tsawon gaɓa har ya fita daga mashigar. Na kan tudu kuma ya kira masunta, kada ya faɗa.

Ruwan kogi a kwance yake, amma yana da nasa: tsargiya. Volta ta yi suna da ita. Masauki mai wurin wanka na siminti shi ne amsar yara.

Teku tana cika ta janye sau biyu a yini, kuma wata ne ke jan ta. Mu da muke ƙidayar wata mun riga mun san ranakun: a tsayuwar wata da daren sha huɗu cikar ta fi yawa, janyewar ma ta fi nisa. Mai kwalekwale da wannan yake aiki, saboda haka idan ya ce a fita ƙarfe shida na safe, ko ya ce a jira, ba wasa yake da kai ba.

Mataki na bakwai: kwalekwale da tsuntsaye

A yi ciniki tun daren jiya: ina da ina za a je, awa nawa, kuɗin na mutum ɗaya ne ko na jirgin duka, man fetur a kan wa. Rigar ceto ga kowa, har da mai cewa ya iya ruwa. Idan babu, a nemi wani jirgin. Safiya ta fi, kafin rana ta yi zafi tsuntsaye su shige. A cikin mangurof ka roƙi matuƙi ya kashe inji ya tura da gora.

Za ka ga waɗanda ka sani, balbela, zalɓe, shirwa, da waɗanda ba ka sani ba: ƙananan masu kamun kifi masu shuɗin baya, da garken fararen tsuntsayen teku a kan tudun yashi, waɗanda suka yi dubban kilomita kafin su sauka nan. Kada a matsa har su tashi, kowane tashi yana cin ƙarfin da suke tarawa na komawa. Ayu yana rayuwa a ruwayen nan, amma ganinsa sai babban rabo, kuma farauta ce ta ƙarar da shi. Mu da kasuwanninmu ke cike da masu tallan man ayu muna da hannu a ciki, ko da mafi yawan abin da ake sayarwa jabu ne.

A yankin Bouche du Roy za ka ga wasu sassan daji da aka kafa wa alamar dodon Zangbeto. Mutanen wurin sun sa su ƙarƙashin tsaron dodon ne don kada a sare itatuwan a yi itacen dafa gishiri, kuma abin ya yi aiki inda dokar gwamnati ta gaza. Ba addininka ba ne, ba kuma wanda ya ce ka yi imani da shi. Kada dai ka shiga, kada ka taɓa, kada ka ɗauki hoto sai an yarda. Haka mata masu dafa gishiri da masu ƙyafe kifi: a gaisa tukuna, a tambaya, in an sayi wani abu ya fi.

Da safe a bakin teku za ka tarar da jan taru, mutum talatin ko fiye a kan igiya ɗaya suna waƙa, kamar gayyar noma. Baƙo yana iya kama igiya, suna jin daɗi. A yawancin gaɓar Ghana masunta ba sa shiga teku ranar Talata, kada ka sa ran kifi sabo ran nan.

Mataki na takwas: daren kunkuru

Iri huɗu ne ke zuwa wannan gaɓa, amma biyu aka fi gani. Ƙaramin mai launin zaitun bai cika wuce kilo 45 ba. Babban, mai baƙin baya mai taushi irin na fata maimakon ƙwarya, yana wuce kilo 300 cikin sauƙi, shi ne kunkuru mafi girma a duniya. Macen ce kawai ke fitowa. Tana jan jiki zuwa saman inda ruwa ke kaiwa, ta haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai wajen ɗari, ta rufe, ta watsa yashi don ɓatar da sawu, ta koma. Aikin yana ɗaukar awa ɗaya zuwa biyu. Zafin yashin ne ke yanke ko 'ya'yan za su zama mata ko maza, mai zafi ya fi ba da mata. Kaɗan ne ƙwarai cikinsu ke kai girma, kuma wadda ta kai, yankin da aka ƙyanƙyashe ta take komowa ta yi nata ƙwan.

Kada ka fita kai kaɗai. A Ada ka je ofishin namun daji da rana ka rubuta suna. A Grand-Popo masu masauki sun san masu gadin kunkuru na ƙauyuka, waɗanda ke sintiri suna kwashe ƙwan da ke cikin haɗari zuwa wurin da aka killace. Kuɗin da ka ba su shi ke sa ƙwan ya fi daraja a cikin yashi fiye da cikin tukunya.

Tufafi masu duhu. Ba tocila mai farin haske, ba fitilar waya, ba filashin kyamara. Haske yana sa uwa ta fasa ta koma ruwa da ƙwanta, 'ya'yan kuma da hasken saman teku suke gane hanya, fitila tana juyar da su su nufi tudu, inda ƙaguwa da karnuka da hankaki ke jira. Ɗan jagora yana da jar fitila, shi kaɗai ke kunnawa. Ana tsayawa nesa har sai ta fara zuba ƙwai, sannan a matso ta baya, ba ta gaban fuskarta ba. Ba a taɓawa, ba a hawa, ba a ɗaga jariri a kai shi ruwa don tausayi, rarrafen nan wani ɓangare ne na rayuwarsa. Za ka ga kamar tana hawaye, gishiri ne take fitarwa ta ido.

Tafiyar tana iya kai kilomita da yawa cikin yashi mai nutsewa, tsakar dare. Tsoho mai ciwon gwiwa da ƙaramin yaro su jira sakin 'ya'yan kunkuru, wanda akan yi da sassafe ko da yamma a wuraren killacewa. Ledar ruwa da ka sha kuma ka mayar aljihu. Babban kunkurun nan abincinsa wata halittar ruwa ce mai santsi da haske, leda a cikin ruwa kamarta ɗaya, yana haɗiyewa ta toshe masa hanji.

Mataki na ƙarshe: tsaraba da komowa

Gishirin gargajiya, man kwakwa, busasshen jatan lande, ƙyafaffen kifi da aka naɗe da kyau, atamfa daga Kwatano. Waɗannan sun isa a raba wa gida da makwabta. Idan aka kawo maka ƙwaryar kunkuru, ƙwansa, mansa, ko awarwaron da aka yi da bayansa, ka ce a'a. Doka ta hana a Benin da Ghana, kuma yarjejeniyar duniya ta CITES kan cinikin namun daji ta hana ketare iyaka da su, kwastan na iya kama ka. Shinkafar waje ma kada kwaɗayin araha ya sa ka ɗauko buhu, a hanyar Seme ita aka fi nema.

Ka taso daga masauki da sassafe yadda za ka shiga Legas kafin magariba, ka sake duba hatiman fita da shiga kafin ka bar kanta. Sefar da ta rage ba asara ba ce, 'yan canjin gida za su karɓa, sidi kuwa a canza shi tun a Aflao. Waya da caja da zip ɗin jaka a goge su da ɗanyen tsumma, iskar gishiri tana sa tsatsa. Idan zazzaɓi ya taso cikin makonni biyu da dawowa, a je asibiti a yi gwaji a gaya wa likita inda aka je, wanda kuma ya shiga ruwan kogi ya faɗa, don a duba tsargiya ko da bai ga jini a fitsari ba.